Shari'o'in Filayen Jirgin Ƙasa a Kotun Ƙolin Amurka

Shari'o'in filayen jirgin ƙasa jerin hukunce-hukunce ne da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun daga shekarun 1870 har zuwa shekarar 2014, a kan wane ne ainihin mai filin da layin dogo ya ratsa, da filayen da gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanonin jirgin ƙasa kyauta a ƙarni na 19. Masu jayayya a waɗannan shari'o'i sun haɗa da kamfanonin jirgin, da gwamnatin tarayya, da gwamnatocin jihohi, da manoma da makiyaya, da kuma ƙabilun asali waɗanda Turawa suka taras a ƙasar. Duk da cewa yawancin hukunce-hukuncen sun tsufa, har yau da su kotuna ke aiki idan aka tashi mayar da tsohon layin dogo hanyar masu keke, ko aka yi gardama kan man fetur da ke ƙarƙashin layi, ko kan hanyar shiga filayen gwamnati a yammacin ƙasar.

Asalin rikicin

A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnatin Amurka tana da filaye masu yawan gaske a yamma, amma ba ta da kuɗin shimfiɗa dogo zuwa can. Sai Majalisar Dokoki ta riƙa biyan kamfanoni da ƙasa. Babbar kyauta ta farko ita ce ta shekarar 1850, wadda kamfanin Illinois Central ya amfana da ita. A ranar 1 ga Yuli 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar dogon Fasifik, wadda ta bai wa Union Pacific da Central Pacific zirin fili mai faɗin ƙafa 200 a kowane gefen layi, tare da murabba'in mil 10 na ƙasa a kan kowane mil ɗaya na dogo da suka gina. A 1864 aka ninka wannan kyauta. Kamfanin Northern Pacific ma ya samu fiye da haka, domin a yankunan da ba su zama jihohi ba an ba shi murabba'in mil 40 a kan kowane mil. An haɗe layin gabas da na yamma a Promontory da ke Utah a ranar 10 ga Mayu 1869.

Jimillar abin da gwamnatin tarayya ta bayar ya kai kimanin eka miliyan 130, wato ya haura rabin faɗin Najeriya. Ba a dunƙule aka bayar da shi ba. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya eka 640, aka ba su lamba, kamfani ya ɗauki masu lambar mara, gwamnati ta riƙe masu lambar cika. A taswira abin yana kama da allon darar Turawa mai baƙi da fari. Tunanin shi ne idan jirgi ya iso farashin rabon gwamnati zai tashi, ta mayar da abin da ta yi kyauta. Wannan tsari ne ya haifi rabin shari'o'in da suka biyo baya.

Kafin 1871 jama'a sun fara ƙosawa. Manoma na ganin an hana su ƙasa mai kyau an bai wa attajirai, kuma wasu kamfanonin sun karɓi fili ba su gina komai ba. Daga wannan shekara majalisa ta daina irin wannan kyauta. A 1875 ta yi sabuwar doka ta gama-gari, wadda ta bai wa duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa zirin ƙafa 100 a kowane gefen layi a cikin filayen gwamnati, ba tare da ƙarin ƙasa ba. Jumlar Ingilishi da dokokin suka yi amfani da ita wajen kiran wannan ziri tana ɗaukar ma'ana biyu: tana iya nufin izinin ratsa filin wani, tana kuma iya nufin zirin filin kansa. Majalisa ba ta fayyace wanda take nufi ba, kuma wannan harshen damo ya ci wa kotuna shekara fiye da ɗari.

Kamfanin da bai cika alkawari ba

Tambayar farko da ta taso ita ce makomar filin da aka bayar da sharaɗin a gina dogo cikin wani wa'adi, wa'adin ya wuce ba a gina ba. A shari'ar Schulenberg da Harriman ta 1874 kotu ta ce filin ba ya komawa hannun gwamnati da kansa, sai majalisa ta yi doka ko an kai ƙara an ƙwace shi. Wannan ya yi wa kamfanoni daɗi ƙwarai, domin manomin da ya zauna a irin wannan fili yana zaton ya zama na kowa ba shi da hujja a gaban alƙali. A kwarin San Joaquin da ke Kalifoniya wasu manoma sun dogara da irin wannan zato, suka ƙi biyan farashin da Southern Pacific ya sa wa gonakin da suka riga suka gyara suka ja musu ruwa. Kotun tarayya ta bai wa kamfanin gaskiya, kuma a ranar 11 ga Mayu 1880, lokacin da aka je fitar da su a Mussel Slough kusa da garin Hanford, aka yi harbe-harbe mutum bakwai suka mutu. Sai a 1890 majalisa ta yi dokar ƙwace filayen da ke gefen layukan da ba a kammala ba.

A jihar Oregon labarin ya ɗan bambanta. An bai wa kamfanin Oregon and California fili da sharaɗin ya sayar wa mazauna na gaskiya, kada ya wuce eka 160 ga mutum ɗaya, kada kuma farashi ya haura dala 2.50 a kan eka. Kamfanin ya saɓa duka, ya riƙa sayar wa 'yan katako manyan yankuna, daga baya ma ya daina sayarwa. A 1915 Kotun Ƙoli ta tabbatar an karya sharaɗi, ta hana ci gaba da sayarwa, ta bar wa majalisa sauran aikin. A 1916 majalisa ta dawo da eka fiye da miliyan 2 hannun gwamnati, kuma har yanzu dazuzzukan suna hannunta.

Gaɓar tafkin Shikago

Hukuncin da ya fi kowanne tasiri a wajen Amurka bai shafi kyautar gwamnatin tarayya ba. A 1869 majalisar jihar Illinois ta bai wa Illinois Central ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan tafkin Michigan a gaban birnin Shikago, eka sama da 1,000, wadda ta miƙa kimanin mil ɗaya daga gaɓa. Kusan duk tashar jiragen ruwan birnin ke nan. A 1873 sabuwar majalisa ta soke kyautar, kamfanin ya ce an riga an ba shi, ba a iya karɓewa.

A watan Disamba 1892 kotu ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku. Alƙali Stephen Field, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan da jirage ke bi amana ce a hannun jiha domin jama'a su yi sufuri da kasuwanci da kamun kifi, kuma jiha ba ta da ikon rabuwa da wannan amana gaba ɗaya, kamar yadda ba ta iya sayar da ikonta na kiyaye doka da oda. Jiha na iya ba da ɗan yanki don a gina matsayar jirgi, amma ba dukan tasha ba. Abin mamaki a nan shi ne Field ya shahara da kare dukiyar kamfanoni, kuma shi ne ya rubuta hukuncin Schulenberg.

Hukuncin ya yi shiru na shekaru har zuwa 1970, lokacin da malamin shari'a Joseph Sax ya rubuta maƙalar da ta farfaɗo da shi a matsayin makamin kare muhalli. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta dogara da wannan ƙa'ida ta amanar jama'a a shari'ar tafkin Mono a 1983, Kotun Ƙolin Indiya ma ta ambaci shari'ar Illinois Central a ƙarar M. C. Mehta da Kamal Nath a 1996. Masu suka suna cewa Field bai nuna takamaiman sashen tsarin mulki da ya dogara da shi ba, kuma wannan suka tana da tushe, don har yau ana gardamar ko ƙa'idar ta tarayya ce ko ta kowace jiha.

Ƙasar ƙabilun asali

Mafi yawan filin da majalisa ta yi kyauta da shi yana da masu shi tun kafin a zana taswira. A shari'ar al'ummar Cherokee da kamfanin Southern Kansas ta 1890 kotu ta ce majalisa na da ikon ba da izinin ratsa ƙasar Cherokee da dogo ko da ba su yarda ba, muddin za a biya diyya. Yarjejeniyoyin da gwamnati ta ƙulla da su ba su hana ba.

Bayan shekara 51 aka samu hukuncin da ya karkata ɗaya ɓangaren. Kamfanin Santa Fe Pacific ya gaji kyautar da aka yi wa Atlantic and Pacific a 1866, ya ce murabba'ai masu lambar mara da ke cikin ƙasar ƙabilar Hualapai a arewa maso yammacin Arizona nasa ne, har da maɓuɓɓugan ruwa. Hujjarsa ita ce Hualapai masu yawo ne, ba su taɓa mallakar wuri ba, kuma ƙasar daga Meziko Amurka ta karɓe ta. 'Yan ƙabilar suka tattara shaidar dattawansu kan wuraren da kakanninsu suka zauna, lauyan gwamnati Felix Cohen ya tsaya musu. A ranar 8 ga Disamba 1941, kwana ɗaya bayan harin Pearl Harbor, kotu ta bakin Alƙali William Douglas ta ce zama da amfani da ƙasa tun kaka da kakanni haƙƙi ne da doka ta sani, ba ya buƙatar takarda ko yarjejeniya, kuma ba ya faɗuwa sai majalisa ta nuna a fili cewa ta soke shi. Nasarar ba cikakkiya ba ce: kotun ta ɗauka cewa da Hualapai suka karɓi keɓaɓɓen yankin da aka ware musu a 1883 sun saki abin da ke wajensa. Duk da haka hukuncin ya zama ginshiƙin ƙararrakin filaye na ƙabilun asali, kuma an yi nuni da shi a shari'ar Calder a Kanada a 1973.

Mallaka ko izinin ratsawa

A kan zirin da dogo ke kwance a kai, kotu ta sauya magana fiye da sau ɗaya. A shari'ar Northern Pacific da Townsend ta 1903 wani manomi a Minnesota ya daɗe yana noma wani ɓangare na zirin kamfanin, ya ce ya zama nasa ta hanyar daɗewar riƙo, abin da ya yi kama da hauzi a fiƙihun Malikiyya. Kotu ta ƙi. Ta ce abin da aka bai wa kamfani mallaka ce mai sharaɗi: nasa ne muddin ana amfani da shi don jirgi, idan an daina ya koma ga gwamnati, kuma ba wanda zai iya gutsurarsa ta hanyar daɗewa. A 1915, a shari'ar Stringham, ta faɗi haka nan game da zirin da aka samu a ƙarƙashin dokar 1875.

Sai aka gano mai a gundumar Glacier da ke Montana. Kamfanin Great Northern ya shirya haƙa rijiya a cikin zirinsa, yana cewa ai kotu ta ce mallakarsa ce. Gwamnati ta kai ƙara, lauyoyinta suka dage cewa dokar 1875 izinin ratsawa kawai ta bayar, don haka abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A 1942 kotu ta yarda da su, ta ce an yi canjin manufa a 1871, ta kuma janye daga abin da ta faɗa a Stringham. A 1957 gwamnati ta sake yin nasara a kan Union Pacific, aka ce ko dokar 1862 ba ta ba kamfani ma'adinan da ke ƙarƙashin zirin ba.

Bambancin yana da nauyi. A dokar filaye ta Amurka, idan mai izinin ratsawa ya yi watsi da izininsa, izinin ya mutu, mai filin ya samu filinsa babu wani nauyi a kai. Idan kuwa mallaka ce mai sharaɗi, filin yana komawa ga wanda ya bayar tun farko, wato gwamnati. A 1942 babu wanda ya damu da wannan sosai, saboda jirage na tafiya.

Tsofaffin layuka da shari'ar Brandt

Tsawon layukan dogo a Amurka ya kai ƙololuwa a 1916, kimanin mil 254,000, yanzu kuwa bai wuce wajen mil 140,000 ba. Motoci da jiragen sama sun kashe dubban mil na layi. A 1983 majalisa ta yi gyara ga dokar hanyoyin shaƙatawa ta ƙasa, ta ƙirƙiro wata dabara: maimakon a ce an yi watsi da layi, sai a ce an adana shi don gaba, a miƙa shi ga ƙaramar hukuma ko ƙungiya ta mayar da shi hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. Tunda a takarda ba a yi watsi da shi ba, ba ya komawa ga masu gonakin da ke gefe. Wasu ma'aurata a Vermont suka ƙalubalanci wannan, kuma a shari'ar Preseault ta 1990 kotu ta ce dokar halattacciya ce, amma wanda aka hana filinsa na iya neman diyya daga gwamnatin tarayya. Tun daga lokacin ake ta shigar da irin waɗannan ƙararraki.

Shari'ar Brandt ta taso daga Fox Park a kudancin Wyoming. A 1908 wani ƙaramin kamfani ya samu ziri a ƙarƙashin dokar 1875, ya gina layi daga Laramie zuwa Coalmont a Colorado. A 1976 gwamnati ta bai wa iyalin Brandt takardar mallakar eka 83 a tsakiyar dajin gwamnati na Medicine Bow, layin yana ratsa filin, kuma takardar ba ta ce gwamnati ta riƙe wa kanta wani haƙƙi a zirin ba. A 2004 kamfanin ƙarshe ya kammala yin watsi da layin bayan ya cire ƙarafa. A 2006 gwamnati ta kai ƙara tana neman a tabbatar mata da zirin domin hanyar shaƙatawa. Sauran masu filaye suka sasanta ko suka ƙi zuwa kotu, Brandt kaɗai ya tsaya, ya kuma sha kaye a kotuna biyu na ƙasa.

A ranar 10 ga Maris 2014 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen takwas a kan ɗaya. Babban Alƙali John Roberts ya ce babban dalilin faɗuwar gwamnati shi ne nasarar da ta yi a 1942: ita ce ta shawo kan kotu cewa zirin izinin ratsawa ne kawai lokacin da take son mai, ba za ta dawo bayan shekara 70 ta ce mallaka ce mai komawa gare ta don tana son hanya ba. Alƙaliya Sonia Sotomayor ita kaɗai ta saɓa. A ganinta shari'ar 1942 ta yi magana ne kan ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, ba ta taɓa batun inda ziri zai koma ba. Ta yi gargaɗin cewa diyya na iya cin ɗaruruwan miliyoyin daloli na masu biyan haraji.

Hujjar gwamnati game da dokokin da majalisa ta yi a 1922 da 1988 kan layukan da aka yi watsi da su tana da ƙarfi, domin da wuya a ce majalisa ta zauna sau biyu tana tsara rabon abin da ba nata ba. Amsar masu rinjaye ita ce waɗannan dokoki sun faɗi yadda za a yi da duk haƙƙin da gwamnati ke da shi, ba su ƙirƙiri sabo ba. Abin da ya fi raunana gwamnati dai shi ne takardar 1976, wadda a cikinta ta lissafa abubuwan da ta keɓe wa kanta ba ta sa zirin ba. Hukuncin bai rushe hanyoyin da aka adana a ƙarƙashin dokar 1983 ba. Ya dai sauƙaƙa wa masu filayen da dokar 1875 ta shafa samun diyya, wanda ke nufin gwamnati na biyan kuɗi don filin da a da take zaton nata ne.

Allon dara a yau

Tsarin murabba'ai ya bar wata matsala dabam. Inda kusurwoyi huɗu suka haɗu, ba a iya tashi daga murabba'in gwamnati zuwa na gaba ba tare da an ratsa ko da samaniyar filin wani ba. A gundumar Carbon ta Wyoming gwamnati ta buɗe hanya ta kusurwar filin kamfanin kiwon tumaki na Leo Sheep, wanda ya gaji rabon Union Pacific, domin jama'a su kai ga madatsar ruwa ta Seminoe. A 1979 kotu, ta bakin Alƙali William Rehnquist, ta ce dokar 1862 ba ta keɓe wa gwamnati irin wannan hanya ba, idan tana so sai ta karɓi filin ta biya diyya. Sakamakon haka miliyoyin eka na filin jama'a sun kasance a kulle a tsakiyar filayen masu kuɗi.

A wannan gunduma dai wasu mafarauta huɗu daga Missouri suka tsallaka kusurwa a 2020 da 2021, a karo na biyu da ɗan tsani, ba tare da ƙafarsu ta taɓa filin mai gandun Elk Mountain ba. Mai gandun ya kai su ƙara. A watan Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 10 ta ba mafarautan gaskiya, ta dogara da dokar 1885 da ta hana killace filin gwamnati da kuma shari'ar Camfield ta 1897, ta ce Leo Sheep ya shafi gina hanya ta dindindin ne, bai shafi mutumin da ya ɗaga ƙafa ya tsallaka ba. Hukuncin yana aiki kai-tsaye ne a jihohi shida na shiyyar kawai.

Ƙabilun asali ma ba su gama da kamfanonin ba. An shimfiɗa dogo a ƙasar Swinomish da ke jihar Washinton a 1889 ba da yardarsu ba, kuma sai a 1991 aka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita zirga-zirga ga jirgi ɗaya mai tarago 25 a kowace fuska a rana. Daga 2012 kamfanin BNSF ya riƙa wucewa da jirage masu tarago kimanin 100 ɗauke da ɗanyen mai zuwa matatun Anacortes. Ƙabilar ta kai ƙara a 2015, kuma a watan Yuni 2024 alƙalin kotun tarayya Robert Lasnik ya umarci kamfanin ya biya ta kusan dala miliyan 400 daga ribar da ya samu tsakanin 2012 da 2021.